Ciwon Faldela Ya Zo a Makare

Faldela Arendse tun tana budurwa take soya kifi a wani gidan abinci da ke bakin teku a Hout Bay, har ta yi jikoki ba ta canza murhu ba. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma ɗanɗana abin da take soyawa. Hancinta kawai ke gaya mata kifi ya yi.

Mai gidan abincin, Koos Lategan, mutum ne mai tsoron asara. Gobara, ɓarayi, ambaliya, duk ya yi musu inshora, har da cuta mai yaɗuwa in ta ɓulla a kusa. Shi ya sa da korona ta zo gwamnati ta ce a rufe ko'ina a ƙarshen watan Maris, ya tara ma'aikatansa ya ce kowa ya je gida ya kwantar da hankalinsa, albashi ba zai tsaya ba.

Albashi ya tsaya. Kamfanin inshorar ya ce ai ba cuta ce ta rufe masa shago ba, gwamnati ce, su kuwa ba su yi masa inshorar gwamnati ba. In yana da ja, ya kawo shaidar wanda ya kamu a kusa.

Ana cikin haka Faldela ta kwanta. Tana asibiti da robar iska a hanci, Koos ya kira ta.

"Anti Faldela, ya jiki? An ce koronar ce?"

"Ita ce, Maigida."

"Kash! Allah ya sawwaƙe." Sai ya ƙara da cewa, "Likita ya rubuta hakan kuwa?"

Ta aika masa da takardar. Ya kai wa kamfani, kamfani ya duba, ya yi mata fatan samun lafiya, sannan ya ce ciwon nata bayan rufewa ya zo, don haka ba shi ya jawo asarar ba.

Da Koos ya gaya mata, sai ta ce, "Da ka faɗa mini da wuri, ai da na kamu tun a watan Maris."

Ta warke, amma ƙanshi ya bar hancinta. Abokan aikinta suka watse, wani ya koma gadi, wata ta koma ƙauyensu. Ita kuwa ta kafa kasko a ƙofar gidanta, tana soya wa maƙwabta kifi da dankali. Ranar farko ta ƙona rabi ba ta sani ba, sai da hayaƙi ya shige mata ido.

Daga baya kotu ta ce kamfanonin inshora su biya irin su Koos. Kafin kuɗin su iso, mai ginin ya riga ya ba wani mai sayar da tayoyi hayar wurin. Koos ya zo har gida ya kawo mata kasonta, yana ta ba da haƙuri kamar shi ya ƙirƙiro cutar. Ta sayi firiza babba.

Yanzu mijinta Gamat, tsohon masunci da gwiwa ta hana shi shiga teku, shi ke zama a kujera gefen kasko yana shaƙa mata.

"Kwashe, ya yi," in ji shi.

"Kai fa ko ɗanye ne cewa za ka yi ya yi, don ka ci."

Takan ƙara masa minti ɗaya kafin ta kwashe.