Lafayar da Ya Gana Ta Yafa Zuwa Wurin Sista

Ya Gana maƙwabciyata ce a nan Azare, katanga ɗaya ta raba mu. Daga wani ƙauye a bayan Monguno suka gudo lokacin tashin hankali, ita da mijinta Babakura, da 'yarsu Ihsan a goye. Abin da ta tsira da shi lafayar aurenta ce mai ruwan zuma, sai sana'ar hannunta, haɗa turaren wuta da humra. In ƙamshi ya buge ka a layinmu, to ita ce ta wuce, ko da ranar ba a ɗora tukunya a gidanta ba.

Babakura wankin hula yake yi a bakin kasuwa. Shi ya kai Ihsan makarantar 'yan Katolika, mutane suka yi ta surutu, ya toshe kunne. Ya ce yarinyar tana da kai, kuma wallahi tana da shi. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, ya kwanta, kuɗin makaranta ya gagara. Aka ce in zango ya ƙare ba a biya ba, Ihsan ta zauna a gida.

Ni na jiyo cewa cocin da ke da makarantar yana ware wani abu daga baikon da suke tarawa ranar Lahadi don yaran da iyayensu suka gaza, kuma ba sa tambayar addinin yaro. Da gudu na kai wa Ya Gana labari, sai ta yi tagumi.

"Jamila, kuɗin ibadarsu ne fa. Matansu masu suyar ƙosai ne ke jefawa. In na karɓa ban ci haƙƙin ɗan wani ba?"

Ta aika aka tambayo Malam Jalo, limamin unguwa. Ya ce babu laifi in da gaske mabuƙaciya ce, amma kada ta ƙara ko kalma ɗaya a kan halin da take ciki. Kai, da ma bai faɗi wannan na ƙarshen ba.

Ranar da za mu je cocin, sai ga Ya Gana ta fito cikin lafayar nan, ta sha turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na ce, "Ke! Roƙo za mu ko biki? Koma ki sa atamfar da kike wanke-wanke da ita."

Ta ce, "A garinmu ba a zuwa gaban babba da tsumma. Raini ne."

A kan bencin jira muka tarar da wata mata mai sharar coci, silifas ɗinta ɗaure da waya, ita ma taimakon ta zo nema wa ɗanta. Ya Gana ta daɗe tana kallon ƙafar matar.

Sista mai kula da rabon ta karɓe mu da fara'a. Ta tambayi Ya Gana ko suna samun abinci a gida.

"Alhamdulillahi."

"Mai gidan fa, yana aiki?"

"Yana samun sauƙi."

Na buɗe baki zan ce mutumin nan ko cokali ba ya iya riƙewa, ta taka min ƙafa. Sista ta dubi lafayar, ta ce masu nema suna da yawa, abin kuma kaɗan ne, sai sun fara da waɗanda suka fi shiga wuya. Ban ga laifinta ba. Abin da ta gani da abin da aka gaya mata ta bi.

Muna fita na rufe Ya Gana da faɗa, har masu acaɓa suna juyowa. Na ce ta kashe wa yarinya karatu saboda kunya.

Ta ce, "Mijina yana kwance, in tona masa asiri a gaban baƙi? Kuma kin ga ƙafar matar nan? Kuɗinsu ne, Jamila. In tsaya ina kuka don a hana ta a ba ni?"

Haushi ya ishe ni, tausayi ya ishe ni, kuma ni ma ba ni da abin da zan ba ta. Bayan kwana biyu na koma ni kaɗai na zayyana wa Sista komai. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma an riga an raba. Ta ce a dawo baɗi.

Yanzu Ihsan ce ke ɗura humra a kwalabe. Da safe in 'yan ajinsu za su wuce ta layinmu, sai ta ja tabarmarta bayan ƙyaure. Jiya ta leƙo ta katanga da rigar makarantar a hannu, ta tambaye ni ko zan iya sake mata kalmasa, don kafin baɗi za ta yi mata kaɗan.