Rabon Ruwan Saga da Tiyon da Ya Cika

Shekarar da na gama karatun ilimin ordinater, wato kwamfuta, na samu sitaj, aikin koyo na ɗan lokaci, a wani ƙaramin biro, wato ofis, a unguwar Dar es Salam cikin Yamai. Mu biyu aka ɗauka, kuma tun ranar farko shef, shugaban biron, ya gaya mana cewa in sitaj ya ƙare mutum ɗaya zai riƙe. Ya faɗe shi yana laluben makullin motarsa a aljihu, kamar ba wani abu ba. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ciki, da ita nake ƙetare gada kowace safiya daga Kirkissoye, inda nake zaune gidan kawuna ina cin tuwonsa ba tare da na kawo komi ba.

Ɗayan kuwa ajinmu ɗaya a jami'a. Bazabarme ne haifaffen Yamai, Hausarsa ta kasuwa ce, yakan mai da namiji mace a magana bai damu ba. Ni Bagobiri ne, saboda haka akwai wasan taubasai tsakaninmu, kuma bai taɓa kirana da sunana ba sai bawana. In ban yi kuskure ba, na fi shi maki kusan kowace shekara. Ban ce wannan yana nufin wani abu ba. Na dai san na riƙe shi a raina, kuma nakan tuna da shi duk lokacin da na ji shi yana dariya da shef wajen shayi, ni ina zaune gaban ekran ɗin ordinater ina sake karanta abin da na riga na karanta.

Aikin da aka ba mu na manoman shinkafar Saga ne, nan gefen Yamai. Akwai wani tsohon shiri a ordinater, wanda aka rubuta tun da daɗewa, shi ke lissafa rabon ruwa: wace gona za a buɗe wa, wace rana. Ba wanda ke taɓa cikinsa, don wanda ya rubuta shi ya bar ƙasar. Abin da ake so shi ne kowannenmu ya rubuta ɗan jerin umarni, wanda muke kira sikirif, da zai tada tsohon shirin da kansa, ya ba shi bayanan gonaki, ya karɓi sakamako, sannan a tura wa kowane manomi saƙo a wayarsa. A wajenmu shirin da ya tada wani shi ne uba, wanda aka tada kuma ɗa. Haka aka koya mana, haka muke faɗa ba tare da mun ji wani abu ba.

Kowane ɗa yana da ƙofa uku. Ta ɗaya bayani ke shiga, ta biyu sakamako ke fita, ta uku kuma ƙorafinsa ke fita, wato gargaɗi da kurakurai. Uba ne ke zaɓar inda kowace ƙofa za ta nufa. Zai iya juya ta zuwa fishiye, a rubuta a ajiye. Zai iya haɗa ta da tiyo, abin da ya fito ya gangaro masa kai tsaye. Akwai kuma wani wuri da muke ce wa rami, duk abin da aka tura can ya ɓace ke nan har abada.

Ƙofa ta ɗaya da ta biyu ba su ba ni wahala ba, duka na haɗa su da fishiye, na kuma rubuta wani ɓangare mai duba bayanan kafin a ba ɗan. Ta ukun ce ta hana ni sukuni. Na yi ta tunani, in tsohon shirin nan ya yi gargaɗi a kan wata gona ba wanda ya ji fa? In aka hana wani ruwa a lokacin da shinkafarsa ke fidda kai fa? Sai na sa mata tiyo, don uban ya karanta kowane gargaɗi da kansa, in ya ga abin tsoro ya dakatar da saƙonni. Na kuma tsara cewa ba zai fara karatu ba sai ɗan ya gama aikinsa sarai, don ina gudun a yanke hukunci a kan rabin magana. A ganina a lokacin, hankali ke nan. Na gwada da bayanan ɓangare ɗaya da shef ya ba mu, ya yi aiki. Na sake gwadawa har sai da na gaji da ganin yana yi.

Wata rana na leƙa ekran ɗin abokin nawa da ya fita salla. Sikirif ɗinsa bai kai rabin nawa ba. Ƙofa ta uku kuwa ya juya ta kai tsaye cikin rami. Dole in ce na ji daɗi. Na koma kujerata ina jin kamar an sauke mini kaya, ina cewa a raina ai shef zai gani.

Da ya dawo ya tsaya bayana yana cin kopto, kwaɗon zogale, a leda.

"Bawana, littafi kake rubutawa? Wannan abu sai an ɗauko mata jaki."

"Wataƙila ya ɗan yi tsawo," na ce, "amma ina ganin gara a kula."

"Kula, kula. Ku Gobirawa ko ruwa za ku sha sai kun tambaye shi garinsu. Ungo, ci, ka rame."

Na ci. Abin da ke ba ni haushi da shi ke nan, ba ya ba mutum dalilin ƙinsa.

Ranar gwaji shef ya kawo bayanan Saga gaba ɗaya, kowace gona da mai ita. Da safe ne, bayan an dawo da kuran, wato wutar lantarki. Ya ce a fara da na abokina. Ya danna, kafin shef ya gama zuba shayi jerin rabon ruwa ya fito. Shef ya duba ƴan layuka, ya gyaɗa kai, ya juyo wajena.

Na danna. Ekran ya yi shiru. Ɗan alamar nan tana ƙyaftawa, ba sakamako, ba kuskure, ba komi. Na ce wataƙila nauyin bayanan ne. Muka jira. Na ce mai yiwuwa injin ne ya yi zafi. Shef ya shanye kofinsa, ya duba wayarsa, ya ajiye. Da kuskure ya fito da na san abin faɗa. Amma ɗan yana nan da rai, uban yana nan da rai, kuma ba wanda ke motsi.

Abokina ya jawo kujerarsa kusa da tawa. Bai yi dariya ba, kuma na so a ce ya yi.

"Shef, in duba?"

"In mai shi ya yarda."

Na matsa. Ya karanta sama zuwa ƙasa, ya tsaya, ya sa yatsa a kan ekran.

"Ga ta nan. Tiyo ba rijiya ba ne, bawana, kaɗan take ɗauka. Ɗan ya zuba ƙorafi har ta cika, yanzu yana jira a kwashe kafin ya ci gaba. Uban kuma ka ce masa kar ya kwashe sai ɗan ya gama. Kowa yana jiran kowa. Har gobe haka za su zauna."

Ya ɗauki layin karatu ya mai da shi sama da layin jira. Iyakar abin da ya yi ke nan. Na sake dannawa, nan take abu ya zubo.

Na san wannan. An koya mana a shekara ta biyu, kuma ina jin na ci tambayar a jarrabawa. Da ƴan gonaki kaɗan ƙorafin bai isa ya cika tiyo ba, shi ya sa duk gwajina ya wuce lafiya.

Amma ina da sauran abu ɗaya a hannu, sai na yi ƙoƙarin amfani da shi. Na gyara murya.

"Shef, ban sani ba ko yana da muhimmanci, amma nawa yana karanta gargaɗin. Na ga kamar wani sikirif ɗin, ban ce laifi ba ne, yana zubar da shi duka."

Shef ya ce in nuna masa gargaɗin. Na buɗe. Layi ne iri ɗaya, ya maimaitu ga kowane manomi a Saga: babu lambar wayar gida. Tsohon shirin an rubuta shi ne zamanin wayar tebur, kuma yana kukan rashinta ga kowa.

"Tun kuna yara ƴan lakwal yake wannan kuka," in ji shef. "In matsala ta gaske ce, mutuwa yake yi gaba ɗaya, ba ya fidda sakamako. Ai na gaya wa ɗan'uwanka."

"Yaushe?" Ban so tambayar ta fito ba.

"Da ya tambaye ni. Satin farko, wajen shayi."

Wannan ne ya fi ci mini rai, fiye da tiyon. Ni ma tambayar ta zo mini a satin farko. Na juya ta, na auna ta, na ga in na yi ta za a ce mai diplom da maki mai kyau bai san aikinsa ba, sai na haɗiye, na gina mata layuka masu yawa. Shi kuwa ya yi ta da kofi a hannu, tsakanin hirar ƙwallo da ta tsadar mai.

Ƙarshen sitaj shef ya kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mini ni mai kula ne ƙwarai, zai rubuta mini takardar shaida mai kyau, in wani gurbi ya buɗe zai neme ni. Ina jin da gaske yake. Abokina aka riƙe.

Da yamma na fito ina neman motar haya ta faba-faba, sai ga shi a kan moto, babur ɗinsa.

"Hau, bawana. Ubangida ba ya barin bawansa a titi."

Na so in ce a'a, ban sami dalilin da zai tsaya ba, sai na hau. Muna bisa gada, iskar kogi tana kaɗa rigarsa tana bugun fuskata, ya juyo da kai yana ɗaga murya don in ji.

"Wannan ɓangaren naka mai duba bayanai kafin a ba ɗan, ka ba ni ita mana. Nawa ba ta da shi, kuma ta fi kyau."

Na ce zan duba. Na yi kwanaki ina dubawa, sannan na tura masa. Ya amsa da hoton kofin shayi.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, kuma aikin bai yi muni ba. Shi yana can har yanzu, an ce ya zama mataimakin shef. Mukan haɗu wajen suna ko ɗaurin aure, ya rungume ni, ya gaya wa mutane cewa ni ne na fi kowa ƙoƙari a ajinmu. Nakan yi murmushi, ina kallon makullin biron da ke rataye a ɗamararsa. Kwanan baya na je Saga sayen shinkafa wa matar kawuna, wayar mai sayarwar ta yi ƙara, ya duba ya ce wa na kusa da shi gobe ruwansu ne. Na tambaye shi ko saƙon yakan zo daidai. Ya ce bai taɓa saɓawa ba. Na ce madalla, na ɗauki buhuna, kuma ban gaya masa cewa akwai hannuna a ciki ba, don ban tabbata abokin nawa bai riga ya sake rubuta wurin ba.