Na Je Nijar Neman Gonar Ubana

Mun tashi da asuba daga Jibiya, mu shida, duk matan ƙungiyar zawarawa ta unguwarmu. Kowacce da abin da ya fito da ita. Ni gona ce.

Ubana ya bar gona a wani ƙauye ta wajen Gangara. Da ya rasu ba a raba ba. Yayana ya ce rabona yana hannunsa, ni kuma ina gidan miji, ban ce komai ba. Daga baya 'yan bindiga suka shiga garinmu suka kashe mijina. Na kwaso yara huɗu na dawo Jibiya, ɗaki ɗaya. Bana na ji yayana yana neman mai sayen gonar kafin ruwa ya sauka. Shugabar ƙungiyarmu ta ce akwai mata a wani ƙauye gaba da Ɗan Isa, cikin Nijar, da suka karɓi gadonsu na gona ba tare da sun je kotu ba. Shi ne muka je mu gani.

Wata tsohuwar mota muka shiga zuwa bakin iyaka, huɗu a baya, biyu a gaba, ɗari biyar kowacce. Ƙofar da ke gefena da igiya aka ɗaure ta. Ta wajen Magama mutane sun fara sharar gona, ana ƙona karan bara, amalanke na zube taki tsibi-tsibi. Warin hayaƙin nan ya shigo mota. Shekara uku rabona da fartanya. Sauran suna hira, ni na juya kai waje.

A bakin iyaka muka nuna katinmu. Wani jami'i ya ƙirga mu da ido ya ce, "Hajiyoyi, biki za a je?" Babbar cikinmu ta ce, "Ɗan nan, dubi fuskokin nan da kyau, ka ga na biki?" Ya yi dariya ya ce mu wuce. A ƙetare jandarma suka sake dubawa. Muka canji kuɗi. Na ba da naira cike da hannu, aka ba ni sefa da ba ta cika tafina ba. Na sayi dogon burodin nan nasu mai tauri, muka karya shida, muka kora da fura. Furarsu ta fi tamu gero, tamu ta fi tasu yaji.

Daga Ɗan Isa babura muka hau. Yashi ne zalla, sau biyu muna sauka mu taka. Da hantsi muka isa. Mata kamar ashirin suna jiranmu a ƙarƙashin bishiyar bedi, sun shimfiɗa tabarmi, sun yi mana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Shugabarsu tsohuwa ce siririya, kowa Inna yake ce mata. Na faɗa mata zancena a taƙaice.

Ta ce, "Ɗiyata, mi ya hana ki tambaya tun farko?"

Na ce, "Kunya, Inna. Kuma na ce in aure ya ƙare gidan yayana zan koma."

Ta ce, "Mu ma haka muka ce. To da mijin ya mutu, gidan nasa kika koma?"

Yayan nawa bai ma kira ni ba.

Sai ta faɗa mana yadda suke yi. Mace ba ta zuwa ita kaɗai, don ita kaɗai za a ce ta yi haƙuri, ta tashi ta tafi. Suna zuwa zauren mai gari su goma ko fiye, bayan an sauko Juma'a, lokacin da maza ba su watse ba. Mai gadon ce kawai take magana, sauran su zauna shiru, ba zagi ba kuka. Liman ya faɗi rabon da Allah ya ba ta a gaban kowa. A ranar ake auna gona da igiya, a ranar kuma matan suke dasa gamba a kan iyakar. Ta ce wata ta taɓa jira sai damina ta yi dashen, kafin nan ɗan'uwanta ya bi da garma ya haɗe gonar. Tun daga nan ko da rani dasawa suke, su riƙa kai mata ruwa a jarka. Ta ce takarda ma a karɓa, a dangwala yatsa, amma takarda cikin akwati take kwana, gamba kuwa duk mai wucewa zai gani.

Ta kai ni gonarta. Ba ta da girma. Na cire takalmi na shiga. Ƙasar tana da zafi, iri ɗaya da tamu, ja-ja mai yashi. Na roƙi fartanya na yi sara kaɗan, babu abin sharewa ma a wurin. Ba wadda ta yi mini dariya. Da za mu tafi Inna ta haƙo mini gindin gamba, ta naɗe a jiƙaƙƙen buhu.

A dawowa jami'in nan ya leƙa buhun ya ce, "Hajiya, ciyawa ta ƙare a Najeriya ne?" Na ce wannan da aikinta. Mun shiga Jibiya kafin magariba.

Washegari na aika wa yayana cewa kada ya sayar, ina zuwa. Ya aiko cewa ashe na fara yawo da mata. Haka ne. Mata tara daga ƙungiyarmu sun ce za su raka ni ranar Juma'a.

Abin da na koyo shi ne shirun da na yi shekaru bai saya mini ko kwana ɗaya a gidan kowa ba. Hanyar ƙauyenmu har yanzu ba lafiya, mai yiwuwa ko an ba ni gonar ba zan noma ta bana ba. Duk da haka ina so in tsaya a cikinta, in nuna wa yarana daga ina zuwa ina ne namu.