Harouna, Mun Rubuta Sunan Baba Maidaji

Da hantsin Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ranka a wani asibiti a nan Guangzhou ta ƙasar Sin, bayan jinyar kwana tara. Daga gare Shi muke, kuma gare Shi za mu koma.

Shekara shida ina yi maka tafinta, Harouna, kana sayen koma, wato ragar kamun kifi, da injin kwalekwale kana aika wa masuntan garinku Gaya ta Nijar. Kullum sai ka tsokane ni, wai Bakano bai san ruwa ba sai na buta. Ɗalibai nawa suka kwana a ɗakinka na unguwar Dengfeng kafin su sami masauki, kai kanka ba ka sani ba.

Ba zan manta ranar da muka je wani ƙauyen masunta a bakin teku ba. Muna jiran mai koma, ka leƙa harabar wata ƙaramar coci mai jerin duwatsu da rubutu. Na ce mu tafi, me ya kai mu maƙabartar wasu? Wata tsohuwa mai shara ta ce ai babu kowa a ƙasa, sunayen mazan da teku ta ci ne, har da mijinta. Da na fassara maka, sai ka zauna a ƙasa. A ranar ka gaya mini cewa mahaifinka Maidaji ya shiga kogi da koma kana ɗan shekara bakwai, ko hularsa ba a gani ba. Ka karɓi tsintsiyarta ka ƙarasa mata sharar.

A asibiti ka riƙe hannuna ka ce, “Jabir, tunda a ƙasar nan ana kafa dutse a kabari, a sa sunan Baba a nawa, layinsa daban.”

Mun cika maka. Na aika wa mahaifiyarka Inna Lauratu hoton dutsen, jikarta ta karanta mata. A waya ta ce mini, “Ɗan nan, yau kun binne mini mutum biyu.” Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Baba Maidaji a Aljanna. Inna Lauratu, uwargida Mariam da ’yarka Fasuma, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.