Tayar da Abarshi Ya Ajiye a Ɗaka

Abarshi taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuwa sai haƙuri. Direba ne a tashar garinmu, Birnin Gwari. Yana kwasar 'yan kasuwa zuwa Kutemeshi da ƙauyukan wannan layin, ya komo da su da buhunan masararsu. Ba ya gudu, ba ya faɗa da fasinja, salla ba ta wuce shi. Aibinsa guda ne: bai yarda taya tana mutuwa ba.

A wurin Abarshi taya gajiya kawai take yi, sai a sauya mata wuri ta huta. Ta gaba in ta suɗe, ya mai da ita baya. Ta baya in ta fara nuna waya, ya jefa ta but ɗin mota ta zama safaya, waccan safayar da ta sha hutu kuma ta dawo bakin aiki. Na taɓa shafa wata, na ji ta sumul kamar bayan ƙwarya. Na ce masa ko kan limamin unguwarmu ya fi ta zane. Ya ce, "Kai me ka sani? Wannan ita ce ta san hanya."

Enoch, mai faci a bakin tasha, shi ya fi kowa shan wahalarsa. Ya ɗaga taya ya juya ta, ya ce, "Oga Abarshi, ina zan liƙa? Faci ne a kan faci." Abarshi ya ce to a gasa wuƙa a yanka mata sabon zane. Enoch ya ce in ya ƙara yanka, iska zai taras.

Ba zan zalunce shi ba, taya ta yi tsada. Abin da mutum zai ba da yau a kan guda ɗaya, da can huɗu zai ɗauko da shi har ya sha shayi. Sai dai a wani gari faci ɓata lokaci ne, a nan kuwa ba haka ba ne. Hanyar ta cikin daji ta ratsa, kuma kowa ya san waɗanda ke cikin dajin nan da bindigoginsu. Ko fitsari ya matsi fasinja, riƙewa yake yi sai an ga gari.

Matarsa Bara'atu ba mai yawan magana ba ce. Duk ranar kasuwa tana gama girki ta rufe, ba ta kai loma baki sai ta ji hon ɗinsa a bakin lungu. Maganar taya ce kaɗai ba ta gajiya da ita. Da kaka ta yi, ta sa shi gaba har ya sayar da masarar gonarsa, ya tafi Kaduna, ya dawo da taya sabuwa dal, da ledarta. Direbobi suka taru suna taya shi murna kamar an yi masa haihuwa. Enoch har ya ɗauko jak.

Abarshi ya ce a dakata. Ya mirgina tayar nan ya wuce da ita gida, har ƙuryar ɗaka.

"Wannan hanyar zan ɗora wa sabuwar taya?" in ji shi. "Duk ramuka da duwatsu? Ai sai ta lalace. Bari dai a gyara hanyar."

Tun muna yara ake cewa za a gyara ta. Taya dai ta zauna. Da safe ya kakkaɓe mata ƙura, baƙo ya zo a shiga da shi ya gani. Da Bara'atu ta gaji da kewaye ta in tana shara, sai ta kifa mata faranti, ta zama teburin cin abincin maigida. Na ce masa ban taɓa ganin tebur mai tsadar wannan ba. Ya ce hassada ce ke damuna. Rani ya wuce, damina ta faɗi, taya na ɗaka ko ruwa bai taɓa ta ba.

Abin da ya faru a hanya, Martina ce ta ba ni labari, wata mai sayen waken suya da ta daɗe tana bin motarsa. Suna dawowa daga Kutemeshi bayan azahar, sun kai inda itatuwa suka rufe hanya, sai suka ji ƙara kamar harbi. Ba wanda ya tsaya tambaya. Kafin motar ta gama tsayawa an ɓalle ƙofofi, kowa ya faɗa ciyawa ya kwanta. Abarshi ne ya fara ɗaga kai, ya ga wadda ta san hanya ta yi kaca-kaca.

Aka fito da safaya, ita ma ba iska. Ya ɗauki famfon hannu ya koma gefen motar ta wajen ciyawa ya durƙusa yana bugawa, gumi na zuba, fasinjoji na laɓe a ciyawa ba mai ko tari. Martina ta rarrafo kusa da shi, ta ce a hankali, "Direba, ina sabuwar?"

Ya ce, "Tana gida."

Ta ce, "To, Allah ya ƙara mata lafiya."

Ana cikin haka Suhaibu, wani direban tasharmu, ya zo wucewa. Ya hango motar Abarshi a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, ba kowa. Bai tsaya ba, kuma ba wanda ya ga laifinsa, ko ni ne haka zan yi. Ya iso tasha ya faɗi abin da ya gani. Aka yi ta kiran waya, ba sabis a wurin.

Da na isa gidan, mata sun cika tsakar gida. Bara'atu na zaune bakin ƙofar ɗaki, ba ta kuka. Gabana ya faɗi ƙwarai, don ban san ina son mutumin nan haka ba sai ran nan. Rana ta yi sanyi, muna nan jugum, sai ga hon a bakin lungu. Motar ta lallaɓo kamar mai ciwon ƙafa.

Ya shigo yana ƙoƙarin murmushi, rigarsa duk jar ƙasa. Mata suka yi ta hamdala. Bara'atu ta tashi ta shiga ɗaka, muka ji faranti ya faɗi. Ta fito tana mirgina tayar, ta yage ledar, ta jingina masa ita a ƙafa.

Ta ce, "Baban Jannatu, ita ka ɓoye a ɗaka kada daji ya taɓa ta, kai ka tafi. Yau da ba ka dawo ba, da ita zan zauna?"

Na buɗe baki zan tsokane shi, na ga idonsa ya cika, sai na fasa. Ya sunkuya ya tura tayar, ya fita da ita ta zaure, ya nufi wurin Enoch tun kafin ya rufe.

Har yanzu in ya hango rami yana karkata sitiyari don ya kare ta, sauran ukun su faɗa, kuma Bara'atu ta riga ta fara maganarsu. Tebur dai ba su sake yi ba. A tabarma yake cin tuwonsa, ita ma ta ci nata da zafinsa.