Baƙin da Baba ke nema

Da mijina ya rasu na koma gidanmu a Tama, na tarar da Baba yana rubuta Alƙur'ani da ka, wanda ya ce shi ne na ƙarshensa. Lokacin ana yaƙin Nasara, an rufe hanyar Sakkwato, takarda ta yi wuyar gani ko a kasuwar Madawa. Wadda ke cikin gafakarsa ita ke nan, ba ta ɓatawa.

Dafa tawada ya dawo hannuna. Mutane kan ce baƙi ai baƙi ne, amma a gidanmu wanda ya faɗi haka sai ya sha harara. Akwai ta allo, baƙin tukunya da ƙaro, wadda ruwa ke wankewa. Akwai mai ja-ja ta 'ya'yan bagaruwa, ta rubutun gefe. Sai baƙa ƙirin, ita ma ta bagaruwa, da ake jiƙa wa kashin maƙera, wato dattin ƙarfen maƙera, ita ayoyi kaɗai ake rubutawa da ita. Tun ina yarinya in aka ɗiga su a farce Baba kan bambance su ko daga bakin zaure.

Wata hantsi ya kira ni ya ce, "Ɗiyata, wagga tawada taki ruwa ta. Ƙara mata baƙi."

Na duba, baƙa wuluk. Raina ya ɓaci, don ni ba a saba kushe mini aiki ba. Na ƙara bagaruwa, na roƙo kashi wurin maƙera, na dafa har ta yi kauri tana riƙe alƙalami. Ya ce da saura. Na sake, ya ce da saura. Har na fara gunaguni cewa tsufa ya sa shi fitina, sai ran nan na ga ya tsoma alƙalami cikin mai ja-ja ya rubuta aya da ita, bai ko lura ba. Na dubi idanunsa da kyau. Farar yanar ido ta hau su.

Muka kira wani Buzu mai magani daga Keita, aka sa kwalli, aka yi turare, ba abin da ya sauya. Na kasa gaya masa cewa idon ne ke tafiya, ba laifin tawada ba, yayyena maza ma suka kasa. Kullum ya ce a ƙara baƙi, kullum in hura wuta ina hawaye ina ɗora wa hayaƙi laifi. Ya koma bin layin da ya riga ya rubuta, yana ɗora aya bisa aya, takarda na ƙarewa a gabana. Wa zai fizge alƙalami daga hannun ubansa?

Izu kaɗan suka rage masa ran da ya ɗaga wata warƙar takarda sama, ya kai ta dab da fuska, yana murmushi.

"Yau kam kin dahwa ta, ɗiyata. Dibi, ko hwarin takarda ban gani."

Warƙar fara ce fat, alƙalami bai taɓa ta ba. Na ce, "I, Baba, ta yi." Na karɓa na shanya masa ita a rana, kamar yadda na saba.