Jujin Bayan Gidanmu

Shekarun da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, mutanen Wudil na sayen babur da rediyo, ni kuwa ina binne 'ya'ya maza. Biyu na binne. Kowannensu lafiya lau har wata shida, sai kunne ya fara ruwa, ƙirji ya kama, shi ke nan. Matan unguwa suka ce wabi ne, ɗa ɗaya ke zuwa yana komawa.

Na ukun yana wata biyar na kai shi asibiti a Kano. Likita ya ɗebi jininsa, da muka koma ya ce, "Malam, ka yi makaranta?"

"Aji huɗu."

"To ji. A cikin ɓargon ƙashi ake ƙyanƙyasar ƙwayoyin da ke kare jiki daga ciwo. Na ɗanka ba sa girma, tun suna ƙanana suke tsayawa. Guzurin da ya samu a cikin uwarsa ke riƙe da shi, kuma ya kusa ƙarewa. Ku kawo shi allura duk wata. Kada ƙazanta ta taɓa shi."

Na dawo gida. Na tarar Inna, mahaifiyata, ta gama shiri: a kwantar da yaron tsirara a kan juji, mutuwa ta ga ba a son sa ta wuce, maƙwabciya ta tsince shi.

"Inna, likita ya hana."

"Likitan 'ya'ya nawa ya haifa? Biyu ka hana ni kai su juji da bokon nan naka na aji huɗu. Suna ina?"

Ina tsoron juji, ina tsoron in hana ya mutu a ce ni ne. Matata ta juya fuska ga katanga.

Jujinmu kashin awaki ne da ƙayar kifi. Aka kwantar da yaron a kai, yana da ɗan ƙurji a cinya, ƙudaje suka sauka daidai nan. Na tsaya ina kallo har maƙwabciya ta zo ta ɗauke shi tana dariya, wai ta tsinci ɗa.

Kwana huɗu cinyar ta kumbura, jiki ya yi zafi kamar kasko. Mun kai shi Kano. Ba mu dawo da shi da rai ba.

Inna ta ce an makara ne, da tun ranar haihuwa aka yi. Likita ya dube ni kawai. Wataƙila ko babu juji da ya tafi. Amma ni na ji bayanin da kunnena, kuma ni na cire masa rigar.